Jinyar tsofaffi da naƙasassu a Guéné: wa ke riƙe da kuɗin, wa ke yanke shawara?

A Guéné, kamar sauran garuruwan da ke kan babbar hanyar Kandi zuwa Malanville, dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya daɗewa a asibiti. Bayan 'yan kwanaki ake sallamarsa, a dawo da shi gida. Daga nan ne jinyar da ba ta da ranar ƙarewa ke somawa: wanka, kai shi ban-ɗaki, ba shi abinci a baki, juya shi a kan shimfiɗa, tuna masa lokacin magani. Wannan ita ake kira kulawa ta dogon lokaci. Ta bambanta da magani, domin likita yana neman warkar da cuta ne, ita kuwa wannan taimako ce ga mutum ya ci gaba da rayuwar yau da kullum da jikin da ba zai koma yadda yake a da ba. Tana iya ɗaukar wata shida, tana iya ɗaukar shekara goma sha biyar.

Guéné ɗaya ce daga cikin gundumomi biyar na ƙaramar hukumar Malanville a jihar Alibori, tare da Garou, Madécali, Toumboutou da ita Malanville ɗin. Ƙidayar 2013 ta samu mutum sama da 168,000 a ƙaramar hukumar. Dandawa da Fulani da Mokole su ne suka fi yawa, Hausawa kuwa 'yan tsiraru ne, akasarinsu 'yan kasuwa da mahauta da dillalan dabbobi waɗanda asalinsu ya fito daga Kabi, Sakkwato, Dosso ko Arewa. Wannan yana da tasiri a kan jinya. Wanda danginsa suka cika gari yana da hannaye da yawa da za su karɓi juna. Bahaushen zango sau da yawa 'ya'yansa na Kwatano, Yamai ko Legas, abin da ke zuwa daga wurinsu kuɗi ne, ba hannu ba. Tambayar ita ce wa ke riƙe da wannan kuɗi, wa kuma ke faɗin yadda za a kashe shi.

Me ake nufi da jinyar da mai ita ke jagoranta

A tsarin da aka saba a ƙasashen da gwamnati ke biyan kuɗin kulawa, hukuma ko kamfani ke turo ma'aikaci, ita ke zaɓen sa, ita ke sa masa lokaci. Tsohuwa na iya so a yi mata wanka bayan sallar asuba, amma ma'aikaciyar ta zo da ƙarfe goma sha ɗaya saboda haka jadawali ya nuna, gobe kuma a turo wata baƙuwar fuska. Sabon tsarin ya juya lamarin. Ana auna irin taimakon da mutum ke buƙata, a ware masa kuɗi daidai da haka, shi kuma ya zaɓi wanda zai taimake shi, ya koya masa yadda yake so, ya tsara lokaci, ya biya shi, ya sallame shi idan ba su daidaita ba. Wanda ya zaɓa zai iya zama 'yarsa ko maƙwabcinsa. Idan ba zai iya riƙe lissafi ba, sai ya naɗa wakili, amma wakilin yana aiki ne da bakin mai jinyar.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda aka amince da ita a Disambar 2006, ta sa wannan a sashe na 19: mutum yana da 'yancin zaɓen inda zai zauna da wanda zai zauna da shi, ya kuma samu mai taimaka masa a gida. Nijar ta tabbatar da yarjejeniyar a 2008, Najeriya a 2010, Benin a 2012.

Inda tsarin ya samo asali

Naƙasassu ne suka fara wannan gwagwarmaya da kansu. Ed Roberts, Ba'amurken da shan-inna ta shanye masa jiki tun yana ɗan shekara 14, ya shiga jami'ar Berkeley a 1962 yana kwana cikin na'urar da ke taya shi numfashi. Shi da abokansa suka dage a kan cewa su za su ɗauki masu taimakonsu da kansu, ba asibiti ba. A 1972 aka buɗe cibiyar rayuwa mai cin gashin kai a wannan gari, daga nan ra'ayin ya bazu zuwa Turai.

Jamus ta kafa inshorar kulawa a 1995, inda mutum ke da zaɓi: ko a turo masa ma'aikata, ko a ba shi tsabar kuɗi duk wata ya sallami wanda ke kula da shi a gida. Holan ta soma nata a wannan shekarar. Birtaniya ta yi dokar biyan naƙasasshe kai tsaye a 1996. A Amurka an gwada tsarin a jihohi uku, Arkansas, New Jersey da Florida, daga 1998. Abin da gwajin ya nuna shi ne waɗanda suka riƙe kuɗinsu sun fi gamsuwa, buƙatunsu da ke tafiya ba a biya ba sun ragu, lafiyarsu kuma ba ta taɓarɓare ba kamar yadda aka ji tsoro. Akasarinsu 'yan'uwa da sanannu suka ɗauka. Kuɗin da aka kashe ya ɗan ƙaru, musamman domin a da mutane da yawa ba su samun duk awoyin da aka rubuta masu.

Na Faransa ya fi shafar masu karatunmu, saboda akwai 'yan yankin nan da suka tsufa a can. Tallafin APA ya fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2002, ga wanda ya kai shekara 60 kuma ya kasa yi wa kansa hidima. Ma'aikata na zuwa gida su auna shi a kan mataki shida, masu mataki na 1 zuwa na 4 ne ke samu. Yana iya ɗaukar 'yarsa ko ɗan'uwansa aiki da kuɗin, amma ban da mata ko miji. Naƙasassu kuma suna da nasu tallafin, PCH, wanda dokar 11 ga Fabrairun 2005 ta kafa. Sharaɗi ɗaya da ya kamata a sani: sai mai zama a Faransa ake biya. Dattijon da ya yanke shawarar komawa gida Benin ko Nijar ya ƙarasa kwanakinsa, APA ba ya biyo shi.

Tsarin bai tsira daga matsala ba. A Holan an samu masu shiga tsakani suna wawure kuɗin, har a 2015 gwamnati ta daina zuba shi a asusun mutum, ta mai da shi hannun wata hukuma da ke biyan mai aikin bisa umarnin mai jinyar. Jamus ta wajabta wa masu karɓar tsabar kuɗi ziyarar ƙwararru lokaci-lokaci don a ga halin da tsohon ke ciki, ta kuma ware kuɗin ɗaukar wani na wasu makonni a shekara domin mai jinya ta huta. Waɗannan gyare-gyaren sun fi adadin kuɗin amfani ga mutumin Guéné, saboda matsalolin da suka haife su suna nan a gidajenmu.

Abin da Bahaushe ya riga ya sani

Ba daga Turai Bahaushe ya fara jin cewa naƙasasshe na iya tafiyar da al'amarinsa ba. A manyan garuruwan ƙasar Hausa akwai Sarkin Makafi, Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, waɗanda ke sasanta mutanensu, su karɓi baƙo, su yi magana da yawunsu a fada. Makaho shi ke zaɓen ɗan jagoransa, shi ke faɗin inda za a nufa, shi ke raba abin da aka samu. Ta fuskar wa ke da iko, wannan shi ne ainihin tsarin. Aibinsa a fili yake: kuɗin daga bara yake fitowa, ɗan jagoran kuma galibi yaro ne da ya kamata a ce yana makaranta.

Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan yankin ya yi bayani filla-filla. Ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan 'ya'yan da ke da hali, maza da mata, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Muhtasar na Shehu Halil ya haɗa har da ɗaukar nauyin mai yi wa iyayen hidima. Ke nan ladan mai jinya ba alfarma ba ce da ake yi idan an ga dama, yana cikin ciyarwar. Saboda wajibcin nan ne ma ɗa ba ya ba iyayensa zakkarsa a madadin ciyarwa. Haka kuma tsufa ko makanta ko gurgunta ba sa cire wa mutum ikon dukiyarsa. Muddin hankalinsa na nan, gonarsa da shanunsa da kuɗinsa nasa ne, ba a sayarwa sai da yardarsa. Dokar iyali ta Benin, wadda aka sa wa hannu a ranar 24 ga Agustan 2004, ita ma ta ɗora wa 'ya'ya ciyar da iyayen da ke cikin buƙata.

A aikace kuwa, abin da aka fi gani daban ne. Ranar da dattijo ya kwanta, babban ɗa ya karɓi makullin rumbu da wayar da ake turo kuɗi a cikinta, da niyyar sauƙaƙa masa. Ana shawara a zaure a kan inda za a kai shi, shi yana ɗaki yana jin muryoyi. Aikin kuma ya faɗa kan mace ɗaya, ko uwargida da ita ma ta tsufa, ko matar ƙaramin ɗa, ko 'yar da aurenta ya mutu. Ba wanda ya tambaye ta, ba wanda ya tambaye shi.

Abin da gwamnatin Benin ke bayarwa

A faɗi gaskiya tun farko: Benin ba ta da tallafi irin na APA, Nijar da Najeriya ma haka. Babu ofishin da za a je a ce tsohuwa ta kwanta, a fara biyan mai kula da ita. Abin da ke akwai guntu-guntu ne, amma ya cancanci a bi shi.

Mafi kusa da kuɗin jinya yana wurin asusun CNSS na ma'aikatan kamfanoni. Wanda ke karɓar fanshon naƙasa, kuma likita ya tabbatar ba ya iya rayuwa sai da wani a tsaye kansa kullum, yana da ƙari a kan fanshonsa saboda wannan. Tsofaffin ma'aikatan gwamnati nasu asusun daban ne, FNRB. Sai dai manomi da makiyayi da ɗan kasuwar kara ba su cikin ko ɗaya, kuma su ne kusan kowa a Guéné. A nan akwai abin da matan masu fansho ya kamata su sani tun maigida na da rai: dokar 2004 auren da aka ɗaura gaban jami'in magajin gari kaɗai ta sani, kuma na mace ɗaya. Matar da aka ɗaura aurenta a masallaci kawai tana iya yin shekara goma tana jinyar mijinta, ranar da ya rasu a tambaye ta takardar aure kafin a yi maganar fanshon gwauruwa.

Na biyu shi ne dokar kare haƙƙin naƙasassu mai lamba 2017-06, ta ranar 29 ga Satumban 2017. Ta tanadi katin da ake kira carte d'égalité des chances, wanda ke ba mai shi sauƙi a fannin lafiya, sufuri da karatu. An jima ana jiran ƙa'idojin aiwatar da ita, sai a Yunin 2023 majalisar ministoci ta amince da su. Ƙofar shiga ita ce ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, wanda aka sani da CPS, daga baya kuma aka mayar da shi GUPS. Ta nan ake neman katin, ta nan ake bin maganar keken guragu ko sandar makafi idan an kawo, nan ne kuma ake tambayar shirin gyaran gaɓoɓi a cikin unguwa, wato RBC, inda ake koya wa iyali yadda za su motsa hannu da ƙafar da suka shanye.

Ƙidayar 2013 ta rubuta naƙasassu 92,495 a duk Benin, ƙasa da mutum ɗaya cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana ƙiyasta kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya. Tazarar nan tana nuna yawan waɗanda ke kwance a ɗaki ba wanda ya ƙirga su. Tsohuwar da ta makance a hankali, iyalinta ba sa kiran ta naƙasasshiya, sai su ce tsufa ne, don haka ba sa zuwa neman komai.

Na uku shi ne ARCH, shirin da ya haɗa inshorar lafiya, horo, bashi da fansho ga masu aikin da ba na albashi ba. An fara gwajin ɓangaren lafiyar a 2019, inda gwamnati ke biya wa waɗanda aka tantance a matsayin mafiya talauci. Magani yake biya, na wasu cututtuka da aka lissafa, ba ya biyan wanka da ɗaukar mara lafiya. Akwai kuma shirin Gbessokè na tura kuɗi ga magidanta mafiya talauci. Shi ma ba don jinya aka yi shi ba, amma kuɗi ne a hannu, gidan ke zaɓen inda zai sa shi.

Duk waɗannan suna bi ta ƙofa ɗaya: lambar shaida ta NPI da hukumar ANIP ke bayarwa, wadda ta samo asali daga rajistar RAVIP ta 2017 zuwa 2018. Dattijon da bai yi rajista ba, ko sunan da ke takardar haihuwarsa ya saɓa da na katinsa, gara a gyara tun yana iya hawa kabu-kabu zuwa Malanville.

A maƙwabta, jihar Jigawa ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 a wata a 2007, zamanin gwamna Sule Lamido, jihar Ekiti kuma ta fara ba tsofaffi naira 5,000 a 2011. Ba su kai kuɗin ɗaukar mai jinya ba, kuma na 'yan jihar ne kawai.

Tsara jinya a cikin gida

Tunda gwamnati ba ta ba da kasafin, iyali ne ke haɗa shi, kuma a gaskiya yana nan ko ba a kira shi da suna ba: abin da ɗa ke turowa ta MoMo ko Moov, buhun masara ko shinkafa daga gonar dattijon, hayar shago, akuyar da ake sayarwa a kasuwar dabbobi ta Guéné idan magani ya ƙare. Abin da ya rage shi ne a tattara shi wuri guda a gaban mai shi.

Zaman farko a ɗakinsa ya kamata a yi shi, ba a zaure ba. A bi yini daga asuba zuwa dare a ga me yake iya yi da kansa, me yake yi da ɗan taimako, me kuma ba ya iyawa sam. Wannan shi ne awon da ma'aikatan Faransa ke yi da takarda, kuma ba ya buƙatar takarda. Amfaninsa biyu ne. Yana hana a yi wa mutum abin da yake iyawa, domin tsohon da aka hana ɗaukar cokali saboda tausayi ba ya daɗewa hannun ya mutu. Yana kuma fito da nauyin aikin a fili, musamman na dare. Wanda ba ya iya motsi sai an juya shi kusan duk awa biyu, in ba haka ba gyambo ya fito a ƙugu da diddige, kuma gyambon kwanciya na kashewa. Mace ɗaya ba za ta yi wannan dare da rana ba, ta kuma yi girki da ɗiban ruwa.

Sai zaɓen mai hidima, kuma a nan ne bakin mai jinyar ya fi muhimmanci. Maganar tsiraici ce. Dattijo na iya gwammace ya kwana cikin najasa da a ce surukarsa ta wanke shi, kuma ba zai faɗa ba sai an tambaye shi su biyu. Wata tsohuwa ta fi sakewa da maƙwabciyarta Badandiya da suka yi shekara talatin suna gaisawa a kan 'yarta ta cikinta. Harshe ma abin dubawa ne: wanda ya tsufa yakan koma ga harshen da ya tashi da shi, Dandancin da ya yi kasuwa da shi ya soma kuɓuce masa.

Maganar lada ita ce wadda aka fi jin nauyinta. Mutane na ganin abin kunya ne a biya 'ya don ta kula da uwarta. Amma 'yar da ta ajiye tuyar ƙosai ko aikin albasa a fadamar Malanville ta rasa abin shigarta, 'yan'uwanta da ke birni kuwa nasu na tafiya. Ana iya kiran shi kuɗin sabulu idan hakan ya fi daɗin ji, muddin an san adadinsa da ranar da yake zuwa. Ma'aunin da ke akwai shi ne mafi ƙarancin albashi a Benin, sefa 52,000, wato jaka 52 a wata, tun daga Janairun 2023. Idan 'ya'ya huɗu suka raba daidai, jaka 13 ke nan kowa, ko da yake fiƙihu ya ce gwargwadon hali ne. Gidaje da yawa ba za su kai haka ba. Duk da haka sanin adadin na sa a gane girman abin da matar nan ke bayarwa kyauta. Kuma ya fi kyau kuɗin ya bi ta hannun dattijon, shi ya miƙa mata. Wanda ke biya ana jin maganarsa.

Abu ɗaya da bai kamata ya shiga lissafin ba shi ne yarinyar da ake ɗaukowa daga ƙauye ta zauna da kaka. Dokar Benin ta hana sa yaron da bai kai shekara 14 ba aiki. Ban da doka ma, 'yar shekara goma ba za ta iya ɗaga babban mutum ba, ba za ta bambance maganin hawan jini da na suga ba, karatunta kuma ya tafi.

Littafin lissafi na jaka ɗaya ya isa: abin da ya shigo, daga wa, abin da ya fita. Saƙon da wayar ke aikowa bayan kowace hulɗa shi ma shaida ne, kada a goge. Lambar sirri ta zauna wurin mai ita ko wakilin da ya zaɓa da bakinsa a gaban shaidu biyu, misali limami da Sarkin Zango. Yana da kyau mai riƙe kuɗi ya zama daban da mai duba littafi. Wannan ba zargi ba ne. Yana kare wakilin ne ranar rabon gado, lokacin da wanda bai taɓa zubar da fo ba zai tambayi inda saniya ta shiga.

Hutu kuma a sa shi cikin tsari tun farko, yini ɗaya a mako da wani zai karɓa, da wanda zai tsaya idan mai jinyar ta yi rashin lafiya ko ta haihu. Faransa sai a dokar Disambar 2015 ta amince da haƙƙin hutun mai jinya, bayan an ga yadda suke faɗuwa kafin waɗanda suke jinya.

Iyaka

Guéné na da cibiyar lafiya, asibitin yanki na Malanville da Karimama yana Malanville, abin da ya fi ƙarfinsa sai Kandi ko Paraku, wadda ke da nisan sama da kilomita 300 daga bakin kogi. Shi ya sa iyalai da yawa suka saba haye gada zuwa Gaya da Dosso, ko su bi ta Madécali su shiga jihar Kabi har Sakkwato, inda ga dangi ga likitan da ke jin Hausa. Juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023 ya rufe gadar. Benin ta buɗe nata ɓangaren a Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata a rufe, mutane suka koma kwale-kwale. Mai lafiya yana tsallakawa. Sauke wanda ɓarin jikinsa ya shanye zuwa cikin jirgi, musamman a watannin Agusta da Satumba da ruwa ke cika, wani abu ne daban.

Darasin da iyalai suka koya shi ne kada maganin yau da kullum ya dogara da tsallaken kogi. A nemi likitan wannan gefen ya rubuta sunan maganin na asali, ba sunan kamfani ba, domin kwalin Najeriya da na Benin sunayensu kan bambanta alhali ƙwayar ɗaya ce, kuma an sha samun tsoho yana shan duka biyun. Kuɗin da ke zuwa da naira yana hawa da sauka, don haka gara a yanke rabon kowa da sefa.

Haƙƙoƙi ma suna tsayawa a bakin iyaka. Katin naƙasa na Benin ba ya aiki a Gaya, na Nijar ba ya aiki a Guéné. Mai fansho da ke shirin ƙaura wurin 'yarsa a wata ƙasa ya fara zuwa asusunsa ya ji yadda zai riƙa tabbatar masu yana raye, domin rashin wannan shaida na tsayar da biya. Sau da yawa kuma 'ya'ya ne ke son ƙaurar, ba shi ba. Ɗauke dattijo daga unguwar da ya san masallacinta da masu zuwa gaishe shi, a kai shi bene a Kwatano, yana sauƙaƙa wa masu jinya. A tambaye shi ko ya yarda da farashin.

Idan hankali ya fara gushewa

Gigin tsufa shi ne wurin da tsarin ke fuskantar jarrabawa. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba maita ba ce, ba kuma asiri ba, ko da yake tsohuwar da ta fita tsakar dare tana ambaton matattu takan sha wannan zargi. Ba ta zuwa rana ɗaya. Mutum na iya kasa lissafin kuɗi alhali ya san sarai wa yake so ya yi masa wanka da abin da yake so ya ci. A karɓi abin da ya kuɓuce masa kawai, a bar masa sauran. Ruɗewar da ta zo kwatsam cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa ba gigin tsufa ba ce. Takan zo daga zazzaɓi, ciwon mafitsara ko ƙarancin ruwa a jiki, wanda ke yawa a zafin Maris zuwa Mayu, kuma tana buƙatar asibiti a ranar.

Lokacin naɗa wakili shi ne tun hankali na nan. Dattijon ya faɗa a gaban shaidu wa zai riƙe masa, wace gona za a iya sayarwa don jinyarsa, wacce ba za a taɓa ba, ina yake so ya zauna. A rubuta, da boko ko da ajami, a kuma ɗauki muryarsa a waya a tura wa 'ya'yan da ke nesa. Ga abin da ya shafi banki ko asusun fansho, sai an yi takardar wakilci an buga mata hatimi a ofishin magajin gari. Idan an makara har hankalin ya tafi, dokar iyali ta ba kotu ikon naɗa mai kula da dukiyarsa. Kyautar da mutum ya yi a ciwon ajali, a fiƙihu, ba ta wuce sulusin dukiyarsa, don haka wanda ke son saka wa matar da ta yi masa jinya da fili ko ɗaki, ya yi tun yana da ƙarfi, ya damƙa mata a hannu a gaban shaidu.